Ranar da saba ta gaza: me baƙo zai gani a allonsa?

Babu manhajar intanet da ba ta da ranar gazawa. Wata rana rumbun bayanai ne zai ƙi amsawa, wata rana faifan ajiya ne zai cika maƙil da tsakar dare, wata rana kuma layi guda ne a sabon kod ɗin da aka ɗora da yamma zai ci karo da wani bayani da ba wanda ya yi tsammaninsa. A wannan daƙiƙar akwai mutum zaune gaban allo, ya danna maɓalli yana jiran amsa, kuma dole ya ga wani abu. Idan masu shafin sun yi tanadi, zai ga saƙon da suka rubuta masa. Idan ba su yi ba, zai ga abin da ya zo da manhajar tun daga masana'anta: farin shafi fayau, ko rubutun "Internal Server Error" tsurarsa, ko kuma mafi muni, dogon shafi cike da sunayen fayiloli da sirrin cikin gida.

Mutane da yawa suna ɗaukar shafin kuskure a matsayin kwalliya, abin da za a miƙa wa mai zane a ƙarshen aiki idan an samu sarari. Ni a ganina yana cikin sassa mafi wuyar ginawa daidai, domin shi kaɗai ne shafin da ake so ya yi aiki a lokacin da sauran suka daina.

Kowace amsa da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ta mayar wa burauza tana ɗauke da lamba mai alƙaluma uku. An rubuta wannan tsari tun a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 1945 ta shekarar 1996, kuma wadda ake aiki da ita yau ita ce RFC 9110 ta 2022. Lambar da ta fara da 2 tana nufin an dace. Wadda ta fara da 3 tana cewa je ka wani adireshin. Wadda ta fara da 4 tana ɗora matsalar a kan buƙatar da aka aiko, kamar 404 idan an nemi shafin da babu shi. Wadda ta fara da 5 kuwa saba ce ke amsa laifinta: buƙatar ka iya zama daidai, ita ce ta kasa.

Wannan bambanci ya sa bai kamata a haɗa 404 da 500 a kwando ɗaya ba, ko da yake darussa da dama haka suke koyarwa. Lokacin da manhaja ke nuna 404, lafiyarta ƙalau. Ta duba, ba ta samu ba, ta faɗa. Tana iya sa akwatin bincike a shafin, ta jero sababbin labarai, ta gaishe da mai amfani da sunansa. Lokacin da take ƙoƙarin nuna 500 kuwa, ba ta san iyakar abin da ya lalace a jikinta ba, don haka duk abin da ta taɓa yana iya zama shi ne mai ciwon.

Wa ke rubuta amsar?

Buƙatar baƙo ba kasafai take isa manhaja kai tsaye ba. Yawanci takan bi ta kamfanin rarraba shafuka irin Cloudflare ko Fastly, daga nan ta isa sabar gaba irin Nginx ko Apache, sannan ta shiga manhajar kanta, ita kuma ta tambayi rumbun bayanai. Kowane hawa yana iya haifar da nasa kuskuren, kuma wanda ya ga gazawar shi ke rubuta amsar.

Lamba 500 galibi daga cikin manhaja take fitowa: kod ya yi tuntuɓe, amma manhajar tana raye har ta iya cewa wani abu. Lamba 502 sabar gaba ce ke rubuta ta, idan ta ƙwanƙwasa wa manhaja aka ƙi buɗewa ko aka mayar mata da amsar da ba ta da kai ba ta da gindi. Lamba 504 ita ma daga sabar gaba take, idan ta gaji da jira. Nginx kan jira daƙiƙa 60 in ba a sauya masa ba. Lamba 503 tana nufin ba a iya hidima yanzu amma za a dawo, ko don cunkoso ko don gyara. Cloudflare ya ƙara nasa, irin 521 idan sabar mai shafi ta ƙi karɓar haɗi, da 522 idan haɗin ya ɗauki lokaci har ya yanke.

Abin lura a nan shi ne, a 502 da 504 manhajar ba ta cikin zancen sam. Duk kyawun shafin da aka rubuta a cikin tsarin gina manhaja irin Django ko Laravel ko Express, ba zai bayyana ba, tunda mai nuna shi ne ya faɗi. Wanda ya gyara shafin 500 a cikin manhaja ya tsaya nan, rabin aikin ya yi. Ranar da manhajar ta mutu gaba ɗaya, baƙonsa zai ga "502 Bad Gateway" da sunan nginx a ƙasa.

Akwai ma hawan da ba ya hannun mai shafi. Ranar 8 ga Yunin 2021, wani sauyin saiti da abokin hulɗa guda ya yi ya tayar da kuskuren da ke kwance a manhajar Fastly, kusan kashi 85 cikin ɗari na cibiyar kamfanin ta fara mayar da kurakurai. Shafin gwamnatin Birtaniya, da Reddit, da manyan jaridu irin Guardian da New York Times, duk suka koma nuna gajeren saƙon 503 wanda ba su ne suka rubuta ba. Kamfanin ya ce cikin minti 49 kashi 95 sun dawo aiki. Ba abin da shafin kuskure zai iya yi a irin wannan rana. Amma hawa biyun da ke ƙasa, sabar gaba da manhaja, suna hannun mai shafi, kuma ba shi da uzuri a kansu.

Shafin da zai tsaya da ƙafarsa

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Magini ya buɗe sabon fayil don shafin 500, ya ce ya gaji babban samfurin shafin kamar sauran, don kamanni su zo ɗaya. Babban samfurin kuwa yana nuna sunan wanda ya shiga a kusurwar sama, yana ƙirga kayan da ke cikin kwandon sayayya, yana ɗauko jerin sassan shafin. Duk ukun daga rumbun bayanai suke zuwa. Magini ya gwada a kwamfutarsa, ya jefa kuskure da gangan, shafi ya fito tsaf, ya ɗora ya tafi. Bayan wata biyu rumbun bayanai ya faɗi. Manhaja ta yi kuskure, ta kira shafin 500, shi ma ya nemi sunan mai amfani daga rumbun da ya faɗi, ya yi nasa kuskuren a kan na farko. Baƙo ya ga farin allo. Tamkar mutum ne ya yanko makullin ko-ta-kwana ya ajiye shi a cikin ɗakin da yake tsoron ya kulle kansa a waje.

Waɗanda suka gina manyan tsare-tsaren manhaja sun san wannan tun da daɗewa. Django yana nuna fayil ɗin `500.html` ba tare da ya miƙa masa kowane bayani ba, da gangan, don rage yiwuwar kuskure na biyu. Sababbin shiga kan yi ƙorafin cewa sunan mai amfani ba ya fitowa a wannan shafi, su je su rubuta nasu `handler500` don su cusa shi, ba su san kariya suke cirewa ba. Rails ya wuce nan: shafinsa na 500 fayil ne tsagwaron HTML da ke zaune a `public/500.html`, babu kod ko layi ɗaya a ciki. Laravel yana ba da damar a sarrafa shafin gyara tun kafin a rufe manhaja, ta umarnin `php artisan down --render`, domin a tsakiyar sabunta fayiloli manhajar ba za ta iya tashi ta zana komai ba. WordPress yana duba `db-error.php` a cikin `wp-content` idan ya kasa isa rumbun bayanai, kuma daga fitowar 5.2 a 2019 yana duba `php-error.php` idan kod ya mutu.

Kada a ɗauka ƙananan shafuka ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 28 ga Fabrairun 2017, ma'ajiyar S3 ta Amazon ta samu matsala a cibiyarta ta Arewacin Bajiniya a Amurka. Shafin da kamfanin ke sanar da lafiyar ayyukansa ya kasa nuna cewa akwai matsala, saboda kayan sabunta shi sun dogara da S3 ɗin da ta faɗi. Na wani lokaci sai ta Twitter suka riƙa sanar da jama'a.

Dogaron kuma ba a rumbun bayanai kaɗai yake ɓuya ba. Fayil ɗin ado na CSS da manhaja ke sauya wa suna a kowace ɗorawa dogaro ne. Salon haruffa da ake ɗaukowa daga wata saba dogaro ne. Tambarin kamfani da ke zaune a ma'ajiyar hotuna, da JavaScript ɗin da sai ya gudana kafin rubutu ya bayyana, duk haka. Shafin 500 mai nagarta fayil guda ne: adonsa a cikinsa, tambarinsa in ana so a saƙa shi a ciki da SVG, haruffansa waɗanda ke kan na'urar baƙo, ya kuma bayyana cewa rubutunsa UTF-8 ne don kada haruffa su rikice. Mahaɗan da ke ciki su fara daga tushen shafi, domin ana iya nuna shi a ƙarƙashin kowane adireshi, komai zurfinsa. A zamanin Internet Explorer akwai wata ƙa'ida da ta wahalar da mutane: idan shafin 500 ko 404 bai kai bayit 512 ba, burauzar takan jefar da shi ta nuna nata. Shi ya sa har yau ake tarar da tsofaffin shafukan kuskure cike da layukan ciko a ƙasansu.

A Nginx, layuka kaɗan ne suke ɗaukar wannan nauyi:

```
error_page 500 502 503 504 /50x.html;
location = /50x.html {
    root /var/www/errors;
    internal;
}
```

Layin farko yana cewa duk waɗannan lambobi huɗu a nuna musu fayil ɗaya. Kalmar `internal` tana hana wani ya buɗe fayil ɗin kai tsaye daga waje. Sai dai akwai abin da ke rikita mutane: wannan saiti yana aiki ne a kan kurakuran da Nginx ya haifar da kansa, irin 502 da 504. Idan manhaja ce ta mayar da 500 tare da nata shafin, Nginx zai wuce da shi yadda ya zo, sai fa an kunna `proxy_intercept_errors on`, ko `fastcgi_intercept_errors on` ga mai amfani da PHP. Kunna shi kariya ce mai kyau, domin ko manhaja ta zubar da sirri, sabar gaba za ta tare. Amma a yi shi da hankali, sashe-sashe, saboda zai iya haɗiye amsoshin API (hanyar da manhajoji ke magana da juna) da wata manhajar waya ke jira a tsarin bayanai na JSON, ya musanya su da HTML ɗin da ba za ta iya karantawa ba. A Apache kuwa layin shi ne `ErrorDocument 500 /errors/500.html`.

Lambar ma saƙo ce

Mutum rubutu yake karantawa. Injin bincike, da manhajar sa ido, da ma'ajiyar wucin gadi, da sauran manhajojin da ke magana da taka, su lamba suke karantawa. Kuskuren da ya fi yaɗuwa bayan na dogaro shi ne a gaya wa mutum an samu matsala, a gaya wa na'ura komai lafiya.

Yadda abin ke faruwa shi ne: manhaja ta yi kuskure, maimakon ta mayar da 500 tare da shafin haƙuri a wuri ɗaya, sai ta mayar da 302 ta tura burauza zuwa wani adireshi, misali `/error`, shi kuma ya buɗe da 200. A duk tafiyar ba inda 500 ta fito. Tsohon ASP.NET, tsarin gina manhaja na Microsoft, haka yake yi idan an kunna `customErrors` ba a taɓa komai ba, sai an sa `redirectMode="ResponseRewrite"` kafin ya daina turawa, kuma ko a nan sai an tabbatar shafin da kansa ya sa lambar 500. A Apache, idan aka ba `ErrorDocument` cikakken adireshi mai farawa da `http://`, ko da na saba ɗaya ne, zai tura burauza can, lambar asali ta ɓace. Takardun Apache da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. PHP ma yana da nasa: idan `display_errors` yana kunne, kod ya mutu, saƙon mutuwar yakan fita da lamba 200.

Ɓarnar tana da rassa. Manhajar sa ido da ke ƙirga 500 za ta ce shiru ake, alhali rabin baƙi suna kallon shafin haƙuri. Injin bincike zai iya ɗaukar saƙon haƙurin a matsayin abin da shafin ya ƙunsa. Ma'ajiyar wucin gadi za ta iya adana shi ta ci gaba da raba wa mutane bayan an gyara matsalar. Shi kansa baƙon an cuce shi, domin adireshin da yake kai ya ɓace daga burauzarsa. In ya danna sabuntawa, shafin kuskuren zai yi ta sabuntawa ko da an gyara komai tun ɗazu.

Saboda haka ƙa'idar ita ce adireshi ya tsaya inda yake, jikin amsa ya zama shafin haƙuri, lamba ta zama ta gaskiya. Idan rufewar ta ganganci ce don gyara, a mayar da 503 tare da `Retry-After` mai nuna daƙiƙu nawa za a jira ko ranar da za a dawo. Google ya daɗe yana ba da wannan shawara ga masu rufe shafi na ɗan lokaci. Injinsa kan rage yawan ziyara idan ya ga lambobin 5 sun yi yawa, ba ya gaggawar cire shafi, sai in abin ya ɗauki dogon lokaci. A kuma haɗa da `Cache-Control: no-store` don kada a adana amsar, sannan a duba saitin kamfanin rarrabawa, domin wasu suna adana kuskure da kansu, CloudFront na Amazon kan riƙe shi daƙiƙa 10 in ba a sauya ba.

Abin da ba a faɗa wa baƙo

Kowane tsarin gina manhaja yana da yanayin gyara, wanda ke nuna wa magini komai idan kod ya yi tuntuɓe: layin da abin ya faru, jerin ayyukan da suka kai ga wurin, ƙimar da kowane bayani ke ɗauke da ita a lokacin, tambayar da aka aika wa rumbun bayanai. A kwamfutar magini wannan ni'ima ce. A shafin da duniya ke gani kuwa taswirar gida ce aka miƙa wa mai kutse. Django yana ƙoƙarin rufe saitunan da sunansu ke ɗauke da kalmomi irin `SECRET` ko `PASS` ko `KEY`, amma takardunsa sun faɗa ƙarara kada a taɓa ɗora shafi ga jama'a da `DEBUG = True`. Haka `APP_DEBUG` a Laravel, haka `display_errors` a PHP, haka `NODE_ENV` a Express, wanda in ba a sa shi a `production` ba yakan zubo wa baƙo jerin sawun kuskuren.

Wani lokaci abin ya wuce tonon asiri. A 2015 an kutsa Patreon, shafin da jama'a ke tallafa wa masu ƙirƙira da kuɗi, aka kwashe bayanan masu amfani sama da miliyan 2 aka watsa. Kamfanin ya ce an shiga ne ta wani kwafin gwaji na shafinsa da aka bari a buɗe, kuma kamfanin tsaro na Detectify ya bayyana cewa kwafin yana ɗauke da shafin kuskure na Werkzeug, wani kayan gina manhaja da Python, wanda ke ba duk mai kallonsa akwatin rubuta umarnin Python ya gudana a kan saba. Bayan haka ne aka ƙara wa wannan akwati lambar sirri. A 2021 an gano raunin da aka yi wa rajista da CVE-2021-3129 a Ignition, shafin kuskuren Laravel, wanda ya ba masu kutse damar gudanar da kod a shafukan da aka bari cikin yanayin gyara, kuma an yi ta amfani da shi.

Labarin da ya fi koyarwa a wurina shi ne na Satumbar 2010. Masu bincike biyu, Juliano Rizzo da Thai Duong, sun nuna cewa ana iya warware bayanan da ASP.NET ya lulluɓe ba tare da makulli ba. Hanyar ita ce a riƙa aika wa saba gurɓatattun bayanai dubbai, ana lura da irin kuskuren da take mayarwa. Ba sai saƙon ya faɗi wani sirri ba. Bambancin da ke tsakanin wannan kuskure da wancan kaɗai ya ishe su. Kafin Microsoft ya fitar da gyaran MS10-070, shawarar da ya ba masu shafuka ita ce su sa duk kurakurai su mayar da shafi iri ɗaya sak, har da ɗan jinkiri na ba-zata don kada tsawon lokacin amsa ma ya tona. Daga nan ake gane cewa shafin 500 bai kamata ya riƙa sauya magana gwargwadon abin da ya lalace ba. A kuma rufe lambar fitowar saba da `server_tokens off` a Nginx ko `ServerTokens Prod` a Apache. Kada kuma a kwafo adireshin da baƙo ya nema a manna shi cikin shafin ba tare da tacewa ba, domin ta nan ake cusa wa mutane kod a burauzarsu.

To me za a faɗa? Kaɗan ne, amma a zaɓe shi. A ce matsalar daga wajenmu take, domin mutum da yawa in ya ga kuskure kansa yake fara zargi, ko wayarsa, ko layinsa. A gaya masa abin da zai iya yi: ya sake gwadawa bayan ɗan lokaci, ko ya koma shafin farko, ko ya duba shafin sanar da lafiyar aiki, wanda ya kamata ya zauna a wata saba dabam. A rubuta da harshen da baƙin shafin ke ji. Tunda fayil ne tsayayye, ana iya jera harsuna biyu ko uku a ciki, ko a bar saba ta zaɓa bisa abin da burauza ta nema. Kada a rubuta "an sanar da injiniyoyinmu" sai in da gaske akwai abin da ke sanar da su.

Maganar "sake gwadawa" ma tana bukatar tsayawa. Idan labari mutum yake karantawa, ba komai. Idan kuɗi yake biya, ko takardar neman aiki yake miƙawa, kuskuren 500 ko 504 bai gaya masa ko aikin ya shiga ko bai shiga ba. Mai yiwuwa an cire kuɗin, sai a wajen aika rasit kod ya faɗi. Mai yiwuwa sabar gaba ce ta gaji da jira alhali manhaja tana can tana kammalawa. Wanda aka ce wa ya sake dannawa a irin wannan hali yana iya biya sau biyu. A sashen biyan kuɗi saƙon ya kamata ya ce ya duba tarihin cinikinsa ko saƙonninsa tukuna. A can ciki kuma a ba kowane ciniki lambar shaida tun kafin a aika shi, yadda in buƙata ɗaya ta zo sau biyu manhaja za ta gane ta, kamar yadda kamfanin biyan kuɗi na Stripe ke yi da `Idempotency-Key`.

Wasu kamfanoni sun yi suna da shafin kuskure mai ban dariya. Zanen kifin nan da tsuntsaye ke ɗagawa, na Yiying Lu, wanda Twitter ya yi amfani da shi daga 2008 zuwa 2013, shi ne ya fi shahara. A 404 ba ni da ja da raha. A 500 ina ganin a yi taka-tsantsan, domin ba a san me mutumin yake ciki ba. Wanda ya yi rabin sa'a yana cika fom ya ga komai ya ɓace ba ya son a yi masa wasa.

Abu guda da ya cancanci gurbi a shafin shi ne lambar shaida ta wannan buƙata. Nginx yana iya ƙirƙirar ta da `$request_id`, ya miƙa wa manhaja, ya rubuta ta a kundinsa na tarihin buƙatu. Cloudflare yana nuna tasa a ƙasan shafinsa da sunan Ray ID. Baƙo ya turo hoton allonsa, injiniya ya nemi lambar a kundi, nan take ya ga cikakken abin da ya faru. Lambar ba ta tona komai ga na waje, ta kuma kawar da doguwar tambayar "da ƙarfe nawa ne, a wane shafi kake". Idan mai tambayar manhaja ce, a duba abin da ta ce tana karɓa a `Accept`, a mayar mata da JSON. Akwai tsari na bai-ɗaya don haka, `application/problem+json`, wanda RFC 7807 ta kawo a 2016, RFC 9457 ta maye gurbinta a 2023.

Duk abin da aka ɓoye wa baƙo dole ya sauka a wani wuri. Kyakkyawan shafin haƙuri yana da nasa haɗarin: yana kwantar wa kowa da hankali, har masu shafin. Magini ya kama duk kurakurai a wuri ɗaya, ya nuna shafi mai kyau, ya manta bai rubuta komai a kundi ba, sai matsala ta yi makonni ba wanda ya sani, tunda yawancin mutane ba sa kai ƙara, tafiyarsu kawai suke yi. A fara rubuta kuskuren, sannan a nuna shafin, kuma rubutawar ma a killace ta yadda in ta gaza ba za ta hana nunawa ba. Django yana iya aika wa adireshin da ke `ADMINS` saƙo, akwai kuma manhajoji irin Sentry masu tattara kurakurai iri ɗaya wuri guda su ƙirga su. A tace kalmomin sirri da lambobin katin banki kafin su shiga kundi.

Akwai yanayin da ba shafin da zai cece shi. Lambar amsa ita ce abu na farko da ke fita. Idan manhaja ta riga ta aika 200, ta fara turo jikin shafi, sannan kod ya faɗi a tsakiya, bakin alƙalami ya bushe, ba a iya janye lambar. Shi ya sa a Express ake duba `res.headersSent` a cikin mai kama kuskure, in an riga an fara aikawa a bar shi ya yanke haɗin, don burauza ta gane amsar ba ta cika ba. Masu Express 4 su kuma sani cewa kuskuren da ya faru a cikin aikin `async` ba ya isa ga mai kamawa da kansa sai an miƙa shi. Express 5, da ya fito a 2024, shi ne ya gyara wannan.

Hanyar sanin ko duk wannan tanadi yana aiki ita ce a lalata abubuwa da gangan a sabar gwaji mai saiti iri ɗaya da ta jama'a. A jefa kuskure a cikin kod a ga me ya fito. A kashe rumbun bayanai a sake buɗewa. A kashe manhajar baki ɗaya a ga abin da Nginx zai nuna. A rubuta aikin da zai yi barcin daƙiƙa 90 don a tayar da 504. A kowane gwaji kada a tsaya ga kallon burauza, a bugo adireshin da `curl -i`, a karanta layin farko a ga lambar, a duba ko akwai `Location` da ke nuna an yi turawa, a duba ko sunan fayil ko lambar fitowar saba ta zubo. Sannan a buɗe kundi a nemi lambar shaidar da shafin ya nuna. A maimaita haka duk lokacin da aka taɓa babban samfurin shafi ko saitin sabar gaba, domin a nan ne dogaro ke sake shigowa ba tare da kowa ya lura ba.